Yadda jan jak ɗina ya sha ƙurar Maigatari

Ni dai gaskiya tun farko ba aiki ne ya sa na nace sai an ɗaura jak ɗin nan a wajen mota ba, ƙwalisa ce kawai. Kun san irin fararen Land Cruiser ɗin nan na ƙungiyoyin agaji da suke wucewa ta titin Haɗeja ko ka gan su jere a ƙofar otal a unguwar Nasarawa a nan Kano, da wani dogon jan ƙarfe maƙale a gefe ko a kan kariya, to tun ina yaro abin yake burge ni, ban ma san sunansa ba, ce masa nake bindigar mota. Shi ya sa da Kawu ya sayi tsohuwar Hilux ya damƙa min makulli ya ce ni zan riƙa kai shi ƙauyukan Gumel da Maigatari sayen riɗi da zoɓo muna kawowa kasuwar Dawanau, abin da na fara roƙonsa ba taya ba ne, ba batir ba ne, jak ne.

Ya ce, "Kai ɗan nan, ba ga jak nan a bayan kujera ba?"

Na ce Kawu wancan ai na kwalta ne, in taya ta yi faci a titin Zariya shi ke nan zai yi aiki, amma in mota ta nutse a rairayi har cikinta ya zauna a ƙasa, ina za ka zura shi? Babu wajen sa shi a ƙarƙashin aksul, wato ƙarfen da tayoyi suke jikinsa, kuma ko ka tona ka sa, ɗagawarsa ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce in shirya ranar Laraba mu je Ƙofar Ruwa, tunda Alhamis ce kasuwar Maigatari kuma da asuba yake so mu kama hanya.

Daga Gyaɗi-Gyaɗi muka taso wajen ƙarfe 9, sanyi bai gama saki ba, hazo ya rufe garin ko Dala ba ka hangowa sosai. Muka bi ta Ƙofar Nasarawa, muka miƙe ta Ƙofar Mata, gab da Kantin Kwari muka faɗa cunkoson da kowa ya sani, 'yan adaidaita sahu ta hagu ta dama, 'yan dako da dilar atamfa a ka suna ratsawa tsakanin motoci kamar ba su da rai biyu. Wani ɗan sahu ya matso har madubinsa yana gogar bambata, a raina na ce bari dai a ɗaura min ƙarfen nan a gaba mu ga mai sake matsowa. Sai da muka wuce Ƙofar Mazugal hanya ta ɗan sake.

Wanda bai taɓa shiga Ƙofar Ruwa ba ba zai gane ba. Nan ne in motarka ta mutu za ka iya haɗa wata sabuwa daga gawarwakin 'yan uwanta, inji, giyabos, ƙofa, fitila, sifirin, ga 'yan rodi da 'yan kwano ta ɗaya ɓangaren, ƙasar wajen kanta baƙa ce saboda baƙin mai na shekara da shekaru. Kana tsayawa yara 5 sun kewaye ka, "Alhaji me ake nema?" Da na kwatanta musu, ɗaya ya ce "oh jak ɗin gona," wani ya ce a'a hailif ake ce masa, suka ja mu lungu-lungu har wata rumfa inda aka fito mana da guda 3. Biyu sababbi fil 'yan Chaina, fenti yana ƙyalli, ɗaya kuma tsoho duk ya kokkoɗe, mai rumfar ya ce daga gwanjon motocin wata ƙungiya ya fito. Ni idona yana kan sabo, Kawu kuwa ya sa aka ɗora masa tsohon a hannu, ya jijjiga shi, ya ce wannan za mu ɗauka.

Kuma ya yi gaskiya, don da na goge jikinsa sai ga sunan Hi-Lift a zube cikin ƙarfen. Wani kamfani ne a garin Bloomfield a jihar Indiyana ta Amurka yake ƙera shi, tun 1905 suke kan wannan fasalin, kusan bai canza ba. Namu mai inci 48 ne, wato wajen santimita 122, akwai kuma mai inci 60 na motocin da aka ɗaga ƙafarsu sosai. Nauyinsa kusan kilo 13. Abin da aka yarda ya ɗaga kilo 2,100 da 'yan kai ne, kuma akwai wani ɗan ƙusa a jikinsa da aka yi shi musamman don ya karye in nauyi ya kai wajen kilo 3,175, gara shi ya karye da a ce jak ɗin ne gaba ɗaya ya lanƙwashe da mota a kansa. Yadda yake aiki ma ba wani sihiri, dogon ƙarfe ne mai huji-huji kamar tsani, sai kan jak ɗin mai fil guda 2 kowanne da ɗan sifirin ɗinsa, in ka danna hannun ɗaya fil ya riƙe ɗaya ya hau huji na gaba, haka suke karɓa-karɓa kamar mai hawan giginya. A gefe akwai ɗan harshe, in ka ɗaga shi sama jak yana hawa, in ka buge shi ƙasa yana sauka. Babu mai a ciki balle ya tsiyaye. Ku riƙe maganar fil ɗin nan, za mu dawo kanta.

Aka yi ciniki, Kawu ya tafi ya dawo sau 2 kamar yadda ya saba, aka sallama. Sai neman mai walda.

Wani dattijo aka nuna mana can ta bayan kasuwa, yana zaune a kan tsohon kan silinda yana shan shayi, tabaransa na walda a goshi. Na gaishe shi na ce Baba so nake a ɗaura min wannan a kan bambar gaba, a kwance, yadda kowa zai gani. Ya kalle ni ya kalli Kawu ya ce, "Alhaji, ɗanka ne?" Kawu ya ce ɗan ƙanwata ne. Ya ce to shi ya sa.

Wallahi sai da mutumin nan ya zagaya motar da ni kamar malamin makaranta. Gaba dai ya ce in manta, na farko zai tare wa lagireto iska kuma mota mai dakon buhu a rairayi iska take nema, na biyu duk taɓo da ƙurar hanya shi zai fara sha, na uku kuma a cikin garin nan da mutane suke tsallaka titi ba sa dubawa, in ka ɗan taɓa mutum da bamba daban, in ka taɓa shi da haɓar wannan ƙarfen kuma sai dai a tafi asibitin Murtala. Na ce to kan bonet fa, na gani a hoto Turawa suna sawa. Ya ce kwanon bonet ɗin nan da yatsa ma yana loɓawa, kilo 13 yana tsalle a kai daga nan zuwa Gumel ai sai ya yage shi, kuma duk sanda za ka duba mai sai ka ɗaga da shi. Na ce saman kariya. Ya yi dariya ya ce wa zai sauko maka da shi ranar da mota ta karkata a rami, kai da ko kilo 60 ba ka kai ba? Ya ƙara da cewa mota mai tsayi ba a ƙara mata nauyi a ka, a gargada sai ta riƙa rangaji.

Kawu ya ce to a jefa shi bayan kujera mana a huta. Nan ne Baban ya ajiye kofinsa. Ya ce Alhaji wannan shi ne mafi muni, ƙarfe irin wannan a sake a cikin mota, ranar da aka taka birki da ƙarfi ko Allah ya kiyaye mota ta wuntsila, shi zai fara neman kan mutum. A cikin bodin baya kuma a ƙasa, ai buhu 15 za a jibga masa, ranar da kuka kafe sai kun sauke kaya kaf kafin ku gan shi.

Inda ya zaɓa shi ne jikin ƙarfen nan da yake tsaye a bayan kan mota, wanda yake kare gilashin baya, amma ta gefen direba daga waje, a tsaye, yadda kana saukowa hannunka zai kai kuma buhu ba zai danne shi ba. Ya yanko ƙarfen angul mai kauri gida 2, ya ɗana su a jikin ƙarfen da walda, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya sa wa ta ƙasan 'yar kujera da gindin jak zai zauna don kada nauyin ya rataya a kan bol kawai. Sannan ya fito da bol 2 masu kaurin milimita 12, ya auna su daidai da hujin jikin jak ɗin, shi ne ma amfanin hujin, ba sai ka huda komai a jikinsa ba. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya yanko robar tsohuwar taya ya sa, ya ce in ba haka ba ƙarar da zai riƙa yi maka a kunne sai ka tsani motar. Maimakon noti na sifana ya yi min noti mai kunne, wanda ake murɗawa da hannu, a ƙarshen bol na sama kuma ya huda 'yar ƙofa ta kwaɗo, don a cewarsa ka ajiye mota a Dawanau ka shiga sallah ka fito ka tarar 'yan jari bola sun auna shi a sikeli. Hannun jak ɗin ya ɗaure shi da jikin dogon ƙarfen da robar tub.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka zauna jiran yaronsa ya sayo fetur a tayar da janareta, muka ci gurasa da ƙuli a tsaye, aka kira azahar.

Bayan sallah ya kawo wata maganar da ni ko a mafarki ban yi tunaninta ba, ya ce to yanzu ka sayi jak, a ina za ka kafa shi? Ashe bambar da motar ta zo da ita ba ta ɗaukar wannan aikin, ka sa haɓar jak a ƙarƙashinta ka danna sai dai ta naɗe kamar gwangwanin madara mota tana zaune. Dole sai da ya ƙera wasu 'yan aljihu na ƙarfe guda 2 a baya, ya ɗaure su da shasi kai tsaye, inda haɓar za ta shiga ta zauna ba ta zamewa. Ya kuma sa na sayi katako mai kauri, faɗinsa kamar faranti babba, ya ce a rairayi in babu wannan jak ɗin ne zai nutse, mota tana kallonsa.

Da za mu tafi ya ce abu biyu. In sa wa fil ɗin mai marar kauri kaɗan, kuma in nemi buhu ko tsumma in rufe kan jak ɗin in ɗaure. Na ce to Baba. A raina kuwa na ce in rufe shi da buhu, to me na yi kenan? Da daddare a ƙofar gida ma sai da na sayo jan fenti na shafe shi, na kuma ɗebo giris mai kauri na cusa a kan fil ɗin har yana tsiyaya, wai ni nan na fi Baba sanin gata. Samarin layinmu suka taru suna tambaya, wani ya ce na harbo jirgi ne, na ji daɗi ba kaɗan ba.

Asubar Alhamis muka fita ta 'Yankaba, masu kayan gwari har sun fara sauke kwandunan tumatir, muka wuce Jogana da Gezawa gari bai gama wayewa ba. Muka karya a Gujungu, muka ratsa Gumel, kafin hantsi ya yi zafi muna Maigatari. Kasuwar ranar ba a magana, raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, Buzaye da rawani, kuɗin sefa da naira suna yawo hannu da hannu, iyaka tana nan kusa kamar ka miƙa hannu. Kawu ya gana da dillalansa, aka ce akwai riɗi mai kyau a wani ƙauye ta gabas, sai dai hanyar ba kwalta ba burji, sawun amalanken shanu ne kawai. Jak ɗina kuwa ko ƙis bai yi ba duk tsawon hanya, robar Baba ta yi aiki, ina ta leƙensa ta madubi.

Zuwa lafiya lau, mota ba kaya, na sa oksilari, wato giyar da take ja da tayoyi huɗu, tana ta shawagi. A dawowa ne, da buhu 12 a baya, rana ta karkata, muka zo wani kwari da rairayinsa yake kamar garin tuwo. Laifina ne, ba na kowa ba. Ban rage iskar taya ba don ƙyashin neman mai famfo daga baya, kuma da na ji ta fara nauyi maimakon in ɗaga ƙafa sai na ƙara taka totur. Tayoyin baya suka tona wa kansu kabari, kafin in ankara cikin motar ya zauna daram.

Kawu bai ce komai ba, ya sauko ya shimfiɗa darduma a gindin wata aduwa, ya ce, "To bismilla, ga ranar bindigarka."

Na zagayo da ƙarfin gwiwa. Kwaɗo ya ƙi buɗewa, ƙura ta cika ramin makullin, sai da na yi ta busawa ina bubbuga shi da sifana kafin ya saki. Na sauke jak, ja ya koma ruwan ƙasa, na kafa shi a kan katako, na zura haɓar a aljihun da Baba ya yi, na ɗaga harshe sama, na danna hannu. Shiru. Na sake dannawa, hannu yana tafiya yana dawowa, jak ko huji ɗaya bai hau ba. Da na duƙa na duba sai na ga abin da na yi wa kaina, giris ɗin nan ya haɗu da ƙurar hanya tun daga Gezawa ya zama wani irin tuwo mai yashi, ya riƙe fil ɗin gam, 'yan sifirin ɗin ba su da ƙarfin tura su cikin huji.

Kafin nan mutane sun fara taruwa, ka san ƙauye, ba ka ganin kowa sai mota ta kafe. Wani magidanci da ya zo da amalanke ya duƙa kusa da ni ya ce, "Malam direba, kananzir za ka sa masa." Ya tura yaronsa a guje ya dawo da kananzir a kwalbar lemo, ni kuma na ari asuwakin Kawu, sabo ne ma bai taɓa sa shi a baki ba, na zauna a rairayi ina goge fil ɗaya bayan ɗaya kamar mai wanke wa jariri haƙori, yara sun zagaye ni suna dariya. Ya ɗauke ni wajen minti 20. Da na ɗiga masa ɗan man inji daga ƙarshen galan na danna sai na ji ƙaras, ƙaras, wannan ƙarar ban taɓa jin mai daɗinta ba.

Sai wata matsalar kuma, bodi yana ta hawa taya tana zaune a ramin, don sifirin yana miƙewa ne kawai yana bin ta. Jak ya yi sama sosai har ya fara karkata, gabana ya faɗi. Kawu ne daga kan darduma ya ce in sauke in ɗaure aksul da shasi tukuna, ashe yana saurayi ya yi yaron mota a Land Rover, bai taɓa gaya min ba sai ranar. Wajen saukewar ne na kusa barin haƙorana a Jigawa. Na buge harshen ƙasa hannun jak yana kwance, ban riƙe shi da kyau ba, nauyin mota ya fizge shi ya taso fiu ya wuce ta gefen kunnena, har iskarsa na ji. Magidancin nan ya yi salati. Ka'idarsa ita ce kafin ka taɓa harshen hannun ya kasance a tsaye manne da ƙarfen, ka riƙe da hannu biyu, kanka kuma kada ya taɓa shiga tsakanin hannun da dogon ƙarfen. Kuma in nauyin da yake kansa ya ragu ƙasa da kilo 68 ba ya sauka huji-huji, sulalowa yake yi gaba ɗaya, kan ƙafar wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Muka sauke buhu 6, muka ɗaure aksul da igiyar kaya, muka tokare tayoyin gaba, na sake ɗagawa, wannan karon taya ta taso da bodin. Ba wanda na bari ya zura ko hannu a ƙarƙashi, da shebur da fartanya aka tura rairayi cikin ramin daga gefe, aka shimfiɗa karan gero da yaran suka kwaso daga gona. Muka yi wa ɗaya gefen haka. Na rage iskar tayoyin duka huɗu har suka ɗan baje, na sa ƙaramar giya, mutum 7 suna turawa suna "a'a ha, a'a ha," ta fito a hankali kamar ba ita ba. Kawu ya ba yaran na alawa, magidancin ya ƙi karɓar komai sai da Kawu ya rantse masa, shi ma kuɗin kananzir kawai ya ɗauka.

A Gumel muka ƙara iska muka yi magariba da isha. Sanyi ya sauko, Kawu ya naɗe da bargo yana gyangyaɗi, ni kuma kunnena na dama yana ta zafi duk da ba abin da ya taɓa shi. Wajen ƙarfe 11 muka shigo ta Tokarawa, garin ya yi tsit sai masu shayi da 'yan tsire, ban taɓa jin daɗin ganin fitilun titin Haɗeja irin na daren ba.

Washegari Juma'a bayan mun sauke kaya a Dawanau, a hanyar dawowa na biya ta Ƙofar Ruwa ni kaɗai. Baba yana nan a kan silindarsa. Ya kalli jak ɗin, ya shafa fil ya shinshina yatsansa, ya ce kananzir, ko? Na ce eh Baba. Ya ce giris ka sa? Na sunkuyar da kai. Bai ƙara komai ba, ya kira yaronsa ya ce ya ɗauko tsohon wandon jins ɗin nan da suke goge hannu da shi, ya yanke ƙafa ɗaya da almakashin kwano, ya zura wa kan jak ɗin, ya ɗaure sama da ƙasa da robar tub, kwaɗon ma ya sa masa 'yar hular roba.

Haka nake yawo da shi yanzu a cikin gari, dogon ƙarfe sanye da ƙafar wando. Jiya a danjar Dangi wani ɗan sahu ya leƙo ya ce, "Oga, wannan kuma wa ya yi wa kaciya?"